Motar Saja Iliya Ta Kwanta Hagu

A shekarar da zan ba ku labari, ina da shago a layin masu kayan mota a Sabon Gari, ina da rumfar fenti a Samaru, ina kuma da abin da ya fi su daraja, wato makanikai. Daga Kwangila har Dogarawa, in mota ta zauna a baya, makanike zai ce wa mai ita, "Je wurin Sale." A sana'ar sifirin, wato ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota a kan taya, bakin makanike ne kasuwarka. Waɗannan abubuwa uku na kusa rasawa gaba ɗaya a kan sifirin guda biyu, waɗanda ba ma ni na sayar ba. Gyara su kawai na yi.

Ku samarin yanzu kukan tsaya a bakin rumfa, ku ga ana fesa baƙin fenti, ku ce ai wannan ko makaho ya iya. Fesawa ita ce ƙarshen aikin, ita ce kuma mafi sauƙi. In aka kawo maka sifirin mai naɗi, kafin ka taɓa shi da komai sai ka nemi ɗigon kalar da aka yi masa tun daga inda aka ƙera shi, don shi ne ke gaya maka nauyin da yake ɗauka. In ka kankare ɗigon ba ka ɗaura masa alama da waya ba, gobe za ka haɗa mai ƙarfi da mai laushi a mota ɗaya. Daga nan a jiƙa shi a kananzir, a bi shi da burushin waya, a bi da sanfefa har cikin naɗin, can inda yatsa ba ya son shiga, don nan tsatsa ke ɓuya. Sai a rataye shi a buga masa ƙaramar guduma. Lafiyayye yana ɗaukar amo ya riƙe shi. Mai tsaga kuwa sai ya ce kwaf, ya yi shiru. Wanda ya ci wannan jarrabawar shi ake yi wa jan fenti, siriri, ya bushe, sannan baƙi. In ka labta da kauri don ya yi sheƙi, kana yaudarar kanka ne, domin sifirin ba ƙofar gida ba ne, numfashi yake yi duk inda taya ta taka rami. Fenti mai kauri zai tsattsage, ruwa ya shiga ƙarƙashinsa.

Wurin Baba Barau na koyi wannan. Bamaguje ne daga wajen Giwa, da girmansa ya shiga coci, kuma bai taɓa zubar da abin da ya taso ya tarar a gidansu ba. Na daɗe a hannunsa ina kankara kawai kafin ya bar ni na riƙe bindigar fenti. Shi ya koya mini kalmar da duk 'yan layinmu suka sani amma ba a faɗinta a gaban mai saye: ƙarfen gawa. Shi ne sifirin da aka ciro daga motar da mutane suka mutu a cikinta. Baba ba ya yi masa fenti ko nawa za ka ba shi. Maƙera yake kira su ɗauka, su sa a wuta su yi adda da fartanya. Ni dalilina daban ne da nasa, ƙarfen da ya sha bugu irin wannan ba abin yarda ba ne, amma dokar ɗaya muka riƙe. A layinmu in aka ce wane yana yi wa ƙarfen gawa fenti yana sayarwa, to ya fara neman wata sana'ar.

Da na tsaya da ƙafata sai na ƙaro abin da Baba bai sani ba. Na je Kaduna na ga ana aiki da hoda a maimakon fenti, a fesa ta a jikin ƙarfe a gasa shi a tanda, ta narke ta kama kamar fata. Na sayi tsohuwar tandar lantarki daga wani gidan burodi da ya rufe, na kafa ta a Samaru saboda malaman jami'a da ɗalibai masu son sifirin ja ko shuɗi. Aikin yana da kyau, amma yana da haɗari. Wuta in ta yi yawa takan kashe ƙarfe, ya fito yana sheƙi alhali ba ruhi a cikinsa, ka ɗora masa mota ya durƙushe. Ga lantarkin lokacin, ta zo da ƙarfi, ta ɗauke, ta dawo rabi. Saboda haka ba na barin kowa a bakin tandar sai ni.

Wajen ƙarshen damina wani makanike mai suna Garba, wanda ya fi kowa kawo mini aiki, ya zo da sifirin baya guda biyu na wata mota wagon, irin mai ƙofa a baya. Ya ce ta Saja Iliya ce, tsohon soja da ke zaune a Basawa, yana tasi da ita tsakanin Samaru da Sabon Gari. Ina ɗaga su na ga abin da bai yi mini daidai ba. Tsatsar sifirin daga ƙasa take tasowa, inda laka ke taruwa. Waɗannan daga sama ta ci su, kamar ruwa daga cikin motar yake zubo musu. Na sunsuna, na ji warin maganin da ake wanke ɗakin asibiti da shi. Ban ce wa Garba komai ba. Na san akwai masu wagon da ke tsayawa a bayan babban asibiti, in an yi rasuwa su kwantar da kujerun baya su kai gawa ƙauye, su dawo su wanke motar da ruwan magani, washegari su koma lodin fasinja. Ba sa so a sani, don ba kowa zai zauna ba. Wannan cin abincin mutum ne, ba ruwana. Na buga su da guduma, amonsu ras. Na yi musu hoda baƙa, suka fito lafiya, Garba ya ɗaura, na sa yatsa tsakanin taya da jikin mota hagu da dama, daidai.

Ba a yi nisa ba sai ga Saja a ƙofar shagona. Dogo ne, mai furfura a gefen kai, ba ya ɗaga murya.

"Malam Sale, fito ka ga aikinka."

Na fito. Motar ba kowa a ciki, amma bayanta ya kwanta hagu. Na sa hannu, bambancin yatsa uku.

"Saja, me ka ɗauka a but?"

"Buɗe ka gani."

Taya ɗaya ce da jak. Na fitar da su, ba abin da ya canza. Garba, da ya biyo shi, ya yi dariya ya ce, "Oga, tandar burodinka ta dafa ɗaya ya nuna." Ni ma abin da na zata ke nan. Na ce a kwance su a musanya, na hagu ya koma dama. In sifirin ne ya mutu, mota za ta kwanta dama. Muka kai ta daɓen wani gidan mai inda ƙasa take a miƙe, muka sauke jak. Ta kwanta hagu, yatsa uku.

Daga nan na bi abin yadda ake bin aiki. Na ciro sababbi biyu daga shagona, na sa kyauta. Ta bar wurin a miƙe. Kafin ƙarshen mako ta dawo a karkace. Muka canza shokozoba. Muka duba mazaunin sifirin ko ruwa ya cinye shi, mai walda ya ƙwanƙwasa ya ce lafiya lau. Muka musanya tayoyi. Wani tsohon mai gyaran jikin mota ya ja zare daga gaba zuwa baya ya ce ƙashin motar bai goce ba. Kullum dai abu ɗaya: a ɗaga ta a sauke, ta tsaya daidai, mu juya mu wanke hannu, mu waiwayo mu ga ta sauka a hankali ta gefen hagu, ba ƙara, ba komai. Da tsakar rana ne wannan, mutane na wucewa, masu acaɓa na ta ham. Na ga sifirin da ya gaji sau ba adadi. Wanda ya gaji a gajiye yake, ba ya jira sai ka juya baya.

Sai magana ta fara fitowa daga tasha. Wata rana a Samaru ɗan kamasho ya leƙa ta gilashin baya, ya buga saman motar ya ce, "Ta cika, tashi!" Saja ya ce saura mutum ɗaya a baya. Ɗan kamasho ya rantse ya ƙirga kai bakwai. Aka sake ƙirgawa, shida. Wata mata da ta zauna a kujerar ƙarshe ta sauka a Kwangila ba nan za ta ba, ta ce ita ba za ta iya ba, sanyi take ji a cinyarta ta hagu kamar an jingina mata tulu. Kafin a jima, duk tashar ta san motar. Da yake kowa ya san abin ya fara ne bayan ta fito daga hannuna, ba wanda ya sake maganar tanda. Aka ce Sale ya sa wa Saja ƙarfen gawa.

Ba wanda ya faɗa mini a ido. Abin da na gani shi ne makanike zai taho layinmu, ya zo daidai shagona ya ɗaga mini hannu, ya wuce shagon gaba. Wani direban bas da na yi wa aiki tun bara ya dawo ya ce in cire masa, ya fasa. Rumfar Samaru ta koma wurin da awaki ke fakewa. Maƙwabcina ya ce mini cikin raha, "Alhaji, in za ka sayar mini da sifirin, ka ba ni marar fasinja." Na yi dariya tare da shi, don in ka nuna fushi ka tabbatar musu.

Ina da abin da zan wanke kaina da shi. In na buɗe baki na ce motar gawa take ɗauka, magana ta bar kaina ta koma kan Saja. Na auna na ga ba riba. Zan kashe masa tasi, mota kuma tana nan a karkace tana yawo a gari da aikina a ƙarƙashinta. Abin da nake buƙata shi ne ta miƙe a gaban shaida.

Na kira Saja cikin shago na rufe ƙofa.

"Saja, tun ranar da aka kawo sifirin ɗinka na san aikin da kake yi da motar nan. Ban gaya wa kowa ba. Bayan na gyara, ka sake ɗaukar gawa?"



"Sau ɗaya. Wata tsohuwa."

"Ta wane gefe aka kwantar da ita?"

Sai ya kau da maganar. Ya ce ya je wurin fastonsu, fasto ya ce matattu ba sa hawa mota, ya yi addu'a ya yayyafa ruwa. Na ce ni ma na tambayi limamin layinmu, ya ce wanda ya mutu ya tafi, sai dai ko aikin aljanu, ya ba ni abin da zan karanta.

"To, ga shi dai sun yarda da juna a kan abu ɗaya," in ji Saja. Wannan ne karo na farko da na ga haƙoransa.

Na ɗauke shi muka je Dogarawa wurin Baba Barau. Lokacin ya bar aiki, idonsa ya yi rauni, yana zaune a ƙofar gida yana ɓare gyaɗa. Ya sa aka kai shi jikin motar, ya shafa ta, ya sa yatsunsa a saman taya kamar yadda ya koya mini. Sannan ya ce Saja ya faɗa masa tafiyar tun daga farko.

Saja ya ce tsohuwar ta wani ƙauyen Maguzawa ce bayan Giwa, ɗanta ne ya ɗauke shi haya. Ana ruwa suka tashi. Da suka kusa, suka tarar rafin da ke gaban ƙauyen ya kawo, mota ba za ta ƙetare ba. Mutanen gidan suka iyo ta cikin ruwa da gadon kara, suka zare ta da sauri suka ɗora a ka. Shi kuma ganin ƙasa na cin tayoyinsa, ya rufe but ya yi baya.

"Da kuka sauke ta, wa ya ce mata an iso?" in ji Baba.

"Baba, gawa ce fa."

"Na ji. Ai ba akuya na ce ba. Kai da kake lodin mutane, in fasinja ya yi barci ka iso tasha, me kake yi?"

"In tashe shi."

"To. Mu a wurinmu in an ɗauko mutum daga nesa ana gaya masa hanya. An wuce kaza, an ƙetare kaza, Inna ga gida, sauka. Kun kwashe abin da ke cikin zane kun gudu. Tsohuwa ba ta taɓa sauka a bakin rafi ba, me zai sa ta sauka ranan?"

Na ce, "Baba, ni aikin ƙarfe na zo tambaya."

"Kai rufe mini baki, Sale. Ka canza ƙarfe sau nawa? Ya yi?"

Ban ce na yarda ba, kuma har yau ban ce ba. Lissafina shi ne na gwada duk abin da na sani, wannan kuwa man fetur kawai zai ci. Muka jira aka gama girbi, rafi ya ƙafe. Na nemi Garba ya raka mu, don in mota ta miƙe ba ni zan ba da labari ba, shi zai ba da. Dole aka gaya masa gaskiyar aikin Saja. Ya ce zai je, amma gaba zai zauna. Ni ma gaba na zauna. Mu uku a matse a kujerar gaba, bayan mota fayau, muka fita ta Samaru da hantsi.

Saja ya yi abin da aka ce masa, yana jin kunya. "Mama, mun wuce Shika." Garba ya toshe baki yana dariya. Da muka bar kwalta dariyar ta ragu. "Mama, ga rafi, mun ƙetare." Daga nan ba mu san hanya ba, don Saja bai taɓa wuce rafin ba. Gidajen Maguzawa ba a haɗe suke ba, kowane gida yana tsakiyar gonarsa, ga ƙananan hanyoyi ta ko'ina cikin karan dawa. Muka ce mu bi babbar mu yi tambaya a gaba.

Muna cikin tafiya Saja ya taka birki har kaina ya kusa bugun gilashi.

"Wa ya ce akwai sauka?"

Na dubi Garba, Garba ya dube ni.

"Ba ku ne kuka ce akwai sauka ba?"

Ni ban ji komai ba, kuma ba zan ƙara abin da ban ji ba don labari ya yi daɗi. Wuri ne da ba gida a kusa, sai wata ɗorawa da 'yar siririyar hanya ta hagu. Saja ya kashe mota. Na fito na sa yatsa, uku. Na ce wa Garba, "Shiga ƙarƙashi ka sa ido a kan sifirin, abin da na kawo ka yi ke nan." Ya shimfiɗa buhu ya kwanta. Saja ya zagaya ya ɗaga ƙofar baya, ya cire hularsa, ya matsa gefe kamar mai ba da hanya.

"Mama, mun iso. Ki yi haƙuri da jinkiri. A sauka lafiya."

Ba iska. Na ji ƙarfe ya yi ɗan kuka, irin wanda yake yi in an sauke buhu. Na tsaya ina kallon bayan motar, ban yarda da idona ba sai da na sa hannu. Hagu da dama daidai. Garba ya fito, ya naɗe buhunsa, ya shiga mota ya rufe ƙofa. Wani mutum da ke tahowa da keke ya tsaya ya gaishe mu. Saja ya faɗi sunan ɗan tsohuwar ya tambayi gidansu. Mutumin ya nuna siririyar hanyar ya ce gidan yana can ciki, amma in gaisuwar tsohuwa muka zo, ai ga ta nan bayan ɗorawar, a gefen gonarta aka sa ta.

A hanyar dawowa na yi ta neman dalili. Hanyar tana da gargada, kuma gargada takan zaunar da abin da bai zauna ba. Birkin da ya taka ma zai iya. Wannan bayanin nake ba duk wanda ya tambaye ni a shago. Abin da na sani tabbas shi ne motar ba ta sake kwanciya ba har Saja ya sayar da ita, da sifirin ɗina a ƙarƙashi.

Ga yadda lissafin ya ƙare. Sunana ya fita daga maganar ƙarfen gawa, don Garba ya faɗa a layi cewa laifin ba na ƙarfe ba ne. Amma faɗin haka ya tona aikin Saja, tasi ta ƙare masa, ya koma bayan asibiti gaba ɗaya. Bai riƙe ni ba, shi ya ma jawo mini sauran masu irin aikinsa, waɗanda sifirinsu ke ruɓewa daga sama, suka zama masu sayena na dindindin. Rumfar Samaru ba ta tashi ba, na sayar da tandar ga wani mai gasa kek. Makanikai wasu sun dawo, wasu sun riga sun saba da shagon gaba. Shagon Sabon Gari ya tsira, shi ne wannan da kuke tsaye a ciki.

Babbar asarata Garba ce. Bai sake shiga ƙarƙashin wagon ba, daga baya ya bar gareji ya koma sayar da batir. Na same shi na ce, "Kai da ka fi kowa dariya, me ya kore ka? Sifirin ne ya miƙe, ka ga dubu sun miƙe."

Ya ce, "Oga, sifirin da ya kuɓuce a mazauninsa lokaci ɗaya yake tashi, fat. Wannan ina kallonsa ya tashi rabi, ya tsaya, ya ɗan jima, sannan ya ƙarasa. Kakata haka take sauka daga mota. Ƙafa ɗaya tukuna, ta huta, sannan ɗayar."